Me ya sa jami'o'in Amurka ke rabuwa da abokan hamayyarsu na shekara ɗari?

Tambaya: "Malam, ina bibiyar wasannin jami'o'in Amurka a intanet. Na ga rukunin Big Ten yanzu jami'a 18 ne a cikinsa, Pac-12 kuma ya watse ya bar biyu kacal. Mutane suna ta kukan an kashe wasannin hamayya na kaka da kakanni. Me ke sa jami'a ta bar rukuninta? Idan kuma kuɗi ne, ai wasan hamayya ne ke tara 'yan kallo, to don me za a kashe shi?"

Ɗan'uwa, tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, kuma ita ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya a wannan harka. Sai dai ba za ta warwaru ba sai mun bi ta kan ta farkon.

Ka fara ajiye tsarin ƙwallon Turai a gefe. A Ingila ƙungiya na hawa Firimiya da guminta, idan ta yi sake ta faɗo. A wasannin jami'o'in Amurka babu hawa babu sauka. Rukuni taron jami'o'i ne da suka amince su riƙa karawa da juna duk shekara, kuma da gayyata ake shigarsa, shugabannin jami'o'in da ke ciki su kaɗa ƙuri'a. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar, wadda aka kafa a 1906, tana tsara dokokin wasa da na cancantar ɗalibi, amma ba ta da hurumin ce wa wata jami'a ki zauna nan ko ki koma can. Tushen rukunan kuwa maƙwabtaka ce. Big Ten ya faro a 1896 tsakanin jami'o'in da ke kewayen Chicago. Wanda daga baya ya rikiɗe ya zama Pac-12 an ƙulla shi a birnin Portland a 1915, na jami'o'in gaɓar tekun yamma. SEC na kudu maso gabas ya fara aiki a 1933. Ma'auninsu a wancan zamani shi ne inda jirgin ƙasa zai kai 'yan wasa su buga ranar Asabar, su dawo aji ranar Litinin.

Wasa ɗaya ne ke juya akalar komai, wato ƙwallon Amurka, wannan mai kama da zari-ruga da ake sa wa hular kwano. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000, ya fi Wembley girma. Ƙwallon kwando na biye daga nesa. Sauran wasannin, irin su iyo da guje-guje da ƙwallon raga da kokawa, galibinsu a aljihun ƙwallon suke ci.

Tun farkon shekarun 1950, NCAA ce ke riƙe da haƙƙin nuna wasannin a talabijin. Ita ke sayarwa, ita ke ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a, saboda tsoron kada mutane su zauna gida su bar filaye wayam. Manyan jami'o'i suka ga ana raba guminsu da waɗanda ba mai kallonsu. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, kuma a 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya, alƙalai bakwai da biyu, ta ce tsarin ya saɓa wa dokar hana kankane kasuwa. Wanda ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye shi ne Byron White, wanda shi kansa tsohon gwarzon ƙwallo ne a jami'ar Colorado, kuma abin da ya ji wa tsoro shi ne a mayar da wasan ɗalibai tsantsar kasuwanci. Daga wannan hukunci aikin rukuni ya sauya. Ya zama dillalin da ke tattara wasannin mambobinsa ya kai wa gidajen talabijin, ya karɓo kuɗi ya raba. Duk wata ƙaura da ka gani tun daga nan, a wannan hukunci take da saiwa.

Ba a jima ba aka fara gani a ƙasa. Notre Dame, wadda ba ta cikin kowane rukuni a ƙwallo, ta ƙulla nata ciniki da NBC tun daga 1991. Big Ten ya ɗauko Penn State. SEC ya ɗauko Arkansas da South Carolina ya cika goma sha biyu, don dokar lokacin ta ba mai goma sha biyu damar shirya wasan ƙarshe na cin kofin rukuni, wanda aka fara a 1992, wato ƙarin haja ɗaya mai tsada. Wanda ya fara mutuwa shi ne Southwest Conference, rukunin jami'o'in jihar Texas, inda Hakeem Olajuwon ya yi wa jami'ar Houston ƙwallon kwando a farkon shekarun 1980 bayan ya baro Legas. Da Arkansas ta fita, duk mambobinsa sai suka zama a jiha guda, kasuwar talabijin ɗinsa ta ƙuntata, ga kuma abin kunyar biyan 'yan wasa a ɓoye da ya sa aka dakatar da ƙwallon jami'ar SMU, ɗaya daga cikin mambobinsa, gaba ɗaya a 1987. A 1996 ya watse. Huɗu suka haɗu da wani rukuni mai suna Big Eight aka yi Big 12, huɗu aka bar su a baya. Ka dubi yadda ta kaya da waɗanda aka bari: TCU sai 2012 ta komo cikin manya, Houston sai 2023, SMU sai 2024, Rice kuwa har yau ba ta komo ba. Kowane shugaban jami'a a Amurka ya san wannan tarihi, shi ya sa da an ji ƙishin-ƙishin wani zai fita, kowa sai ya fara shafa wa gemunsa ruwa.

Yadda kuɗin ke shigowa ma ya sauya sau biyu, kuma fahimtar wannan ce za ta nuna maka me ya sa ake zaɓen wasu a bar wasu. A 2007 Big Ten ya buɗe tasharsa ta kansa. Tsarin talabijin na waya a Amurka ya tanadi cewa kowane gida mai biyan kuɗin wata yana biyan wani ɗan kaso ga kowace tashar da ke cikin ƙunshinsa, ya kalla ko bai kalla ba, kuma kason ya fi yawa a yankin da rukunin ke da jami'a. Saboda haka abin nema a lokacin shi ne yawan gidaje. Da wannan lissafi aka gayyaci Rutgers da Maryland suka shiga a 2014. Rutgers ba ta da wani abin a-zo-a-gani a ƙwallo a lokacin, amma tana bakin birnin New York, Maryland kuma tana bakin Washington. Daga baya mutane suka fara yanke wayar suna komawa kallo ta intanet, sai lissafin ya koma kan suna. Abin da tashoshi ke biya yanzu shi ne wasan da mutum miliyan da yawa za su zauna su kalla kai tsaye tare da tallan da ke cikinsa, ko da ba su da alaƙa da jami'o'in. A Yulin 2021 labari ya fasu cewa Texas da Oklahoma za su koma SEC. Ranar 30 ga Yunin 2022 USC da UCLA, dukkansu na Los Angeles, suka ce sun tafi Big Ten. Bayan 'yan makonni Big Ten ya sa hannu da Fox da CBS da NBC kan cinikin shekara bakwai na kimanin dala biliyan 7. Tashar wasanni ta ESPN kuma ta karɓi wasannin SEC da CBS ke biyan kusan dala miliyan 55 a shekara, ta koma biyan kusan miliyan 300.

Rushewar Pac-12 ita ce ta fi ban tausayi, domin a 2011 shi ne ya yi cinikin da ya fi na kowa, dala biliyan 3 na shekara goma sha biyu. Ya buɗe tasharsa shi kaɗai ba abokin tarayya, tashar ta kasa shiga DirecTV, babban kamfanin talabijin na tauraron ɗan Adam, da yawa daga cikin wasanninsa kuma ana buga su ne lokacin da mutanen gabashin ƙasar suka yi barci. Da Los Angeles ta fita, darajarsa ta zube. Big 12 ya riga shi zuwa kasuwa a Oktoban 2022, ya samu abin da ya kai kusan dala miliyan 31 ga kowace jami'a a shekara. Pac-12 ya yi ta jan ciniki har tashoshi suka cika cikinsu. Abin da ya rage masa shi ne tayin Apple na kallo ta intanet, miliyan ashirin da 'yan kai, sauran sai idan masu rajista sun yi yawa. Colorado ta fice a ƙarshen Yulin 2023. Ranar Juma'a 4 ga Agusta, da safe ana sa ran shugabannin za su taru su amince da cinikin, sai Oregon da Washington suka sanar cewa Big Ten za su. Kafin dare Arizona da Arizona State da Utah sun bi Colorado zuwa Big 12. Rukunin da ya haura shekara ɗari ya ƙare a wuni guda. Ranar 1 ga Satumba Stanford da Cal (jami'ar Kalifoniya ta Berkeley), waɗanda ke bakin tekun Pasifik, suka shiga ACC, rukunin da sunansa ma na gaɓar Atilantika ne. SMU ta shiga tare da su bisa sharaɗin ba za ta karɓi kason talabijin ba har shekara tara, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ɗauki nauyin cike giɓin. Oregon da Washington ma rabin kaso suka karɓa, kusan miliyan 30, alhali cikakkun mambobi na samun sama da miliyan 60. Ka ga ke nan ba kwaɗayin yau kaɗai ke korar su ba, har da tsoron a rufe ƙofa suna waje.

To yanzu ga tambayarka ta biyu.

Wasannin hamayya a can kala biyu ne, kuma talabijin kala ɗaya yake so. Akwai na babba da babba: Michigan da Ohio State tun 1897, Alabama da Auburn, Texas da Oklahoma. Wannan na ƙarshe a filin Cotton Bowl na Dallas ake yin sa duk Oktoba a tsakiyar bikin baje kolin jihar, a raba kujeru daidai tsakiyar fili, rabi jajaye rabi ruwan lemo mai duhu, kana iya ganin layin da ya raba su daga sama. Irin waɗannan ba mai taɓa su. Texas da Oklahoma tare suka yi ƙaura. Big Ten da ya kai goma sha takwas ya ware wasu karawa ya ce dole a yi su duk shekara, SEC ma ya tanadi abokan karawa uku na shekara-shekara ga kowace jami'a daga 2026.

Kala na biyu shi ne na ɗan mowa da ɗan bora a gida ɗaya. A 1862 Amurka ta yi dokar da ta bai wa jihohi filaye su kafa kwalejojin noma da kanikanci. Sai ya zamana jihohi da dama suna da jami'a biyu: tsohuwa mai yaye lauyoyi da likitoci da 'yan siyasa, da kuma ta 'ya'yan manoma a wani ƙaramin gari. Oklahoma da Oklahoma State ke nan, Oregon da Oregon State, Washington da Washington State, Texas da Texas A&M. Waɗancan na kiran waɗannan ƙauyawa, waɗannan na kiran waɗancan masu girman kai. A ofis ɗaya suke aiki, a coci ɗaya suke ibada, sau da yawa miji na wannan mata na waccan. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne wasan Kanawa da Zage-zagi: tsokana ce mai zafi wadda ba ta yiwuwa sai da kusanci, kuma ranar da abu ya samu ɗaya, ɗayan ne farkon zuwa.

An ga haka a Texas. Ɗaliban A&M sun saba tara gungumen itace su yi tsauni da shi, su cinna masa wuta kafin wasansu da Texas. Ranar 18 ga Nuwamban 1999, cikin dare, tarin ya rufta da masu aikin, mutum goma sha biyu suka rasu. Ɗaliban Texas suka mayar da gangamin da suke yi na yi wa A&M fatan faɗuwa ya zama zaman juyayi, suka ba da jini. Ranar wasan, a lokacin hutun rabin lokaci, 'yan badujalar Texas suka busa taken makoki a filin abokan hamayyarsu, suka cire huluna, suka fita shiru. A&M ta ci 20 da 16. Shekara goma sha biyu bayan nan aka yanke wannan zumunci. A 2011 Texas ta buɗe tasharta ita kaɗai tare da ESPN kan dala miliyan 300 na shekara ashirin, A&M ta ga an mai da ita saniyar ware a rukunin da take ciki, ta tattara ta koma SEC. Wasansu na bankwana Texas ta ci 27 da 25 da bugun Justin Tucker a daƙiƙar ƙarshe. Karawar da aka fara tun 1894 ta tsaya cik. Taken kowace jami'a yana ambaton ɗayar, haka ɗalibai suka yi ta rera shi shekara da shekaru suna tsokanar wanda ba su taɓa gani a fili ba. Sai 30 ga Nuwamban 2024 suka sake haɗuwa, Texas ta ci 17 da 7, kuma abin da ya dawo da su shi ne abin da ya raba su, Texas ta biyo kuɗi zuwa SEC.

Ba kowa ya yi wannan sa'a ba. Oklahoma da Oklahoma State sun fara tun 1904. Oklahoma ce ta ci mafi yawan wasannin da tazara mai nisa, amma na ƙarshe, ranar 4 ga Nuwamban 2023 a garin Stillwater, ƙaramar ce ta ci 27 da 24. Ɗalibai suka kwararo cikin fili, suka tumɓuke ƙarfen gola, suka ɗauke shi a kafaɗa har wani tafki da ke cikin makarantar suka jefa. Murna ce haɗe da ɓacin rai, don sun san babu na baɗi. Kansas da Missouri, waɗanda gabarsu ta samo asali tun daga hare-haren kan iyaka na zamanin yaƙin basasa, har aka ƙona garin Lawrence a 1863, sun daina ƙwallo bayan 2011 sai 2025. Pittsburgh da West Virginia, da ba su fi tafiyar kilomita 120 tsakaninsu ba, sun yi shekara goma ba su haɗu ba. Nebraska da Oklahoma, waɗanda wasansu na 1971 da ya tashi 35 da 31 har yau ake ba da labarinsa, tun da aka kafa Big 12 aka raba musu ɓangare, karawar shekara-shekara ta mutu tun kafin Nebraska ta bar rukunin a 2011.

Za ka ce ai suna iya shirya wasa ko ba rukuni ɗaya suke ba. Suna iyawa, wasu ma suna yi. Washington da Washington State sun amince su ci gaba har 2028. Amma ga cikas ɗin. Kakar ƙwallo wasa goma sha biyu ce. Takwas ko tara na rukuni ne. A ragowar, kowace babbar jami'a na son wasan gida akalla bakwai a shekara saboda kuɗin ƙofa, sai ta biya ƙananan jami'o'i su zo gidanta ba tare da ta rama ziyara ba. Gurbin da ya rage ɗaya ne ko biyu, kuma akan cike shi tun shekaru masu yawa kafin lokacin. Kocin da zai kara da Ohio State da Oregon da Penn State a rukuninsa ba ya son ƙarin wasa da ƙanin da zai zo da dukkan ƙarfinsa: idan ya ci ba yabo, idan aka ci shi aikinsa na rawa. Ga kuma fushi. Wanda aka gudu aka bari ba ya gaggawar karɓar tayin wanda ya gudu. Ko an ci gaba ma, ɗanɗanon kan ragu. Wasan da aka saba yi a ƙarshen Nuwamba cikin sanyi, a matsayin hukuncin ƙarshe na shekara, ya koma Satumba ana yi kamar share fage, ɗaya na karɓar ninkin-ba-ninkin abin da ɗayan ke samu.

Don adalci, ƙaurar ta haɗa wasu da suka rabu. Utah da maƙwabciyarta BYU sun sake zama rukuni ɗaya a 2024, Texas da Arkansas ma haka. Kuma hamayya ta taɓa yankewa tun kafin a san talabijin: Alabama da Auburn sun daina wasa bayan 1907 kan saɓanin kuɗin guzurin 'yan wasa da zaɓen alƙali, sai 1948 suka dawo bayan majalisar jihar ta sa baki. Amma waɗannan dacewa ce kawai. Babu wanda ya zauna ya zana taswirar don ya kare hamayya.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Abin da gidajen talabijin ke saye da waɗannan biliyoyin shi ne zafin kishin da mutane ke da shi, domin idan ƙwarewa ake nema, gasar ƙwararru ta NFL ta fi kowace jami'a. Wannan kishi kuwa maƙwabtaka ce ta haife shi, da maimaici duk shekara, da uban da ya kai ɗansa filin da nasa uban ya kai shi. USC da Michigan wasa ne mai jan ido a karo na farko da na biyu, amma mutumin Los Angeles ba ya haɗuwa da mutumin Ann Arbor, garin jami'ar Michigan, a wurin aiki ranar Litinin balle ya tsokane shi. Shugabannin jami'o'in suna cin uwar kuɗi ne suna lissafa ta a riba. Alƙaluman 'yan kallo na yanzu suna goyon bayansu, ban musa ba, domin manyan wasannin na tara jama'a sosai. Abin da alƙaluman ba sa nunawa shi ne yaron garin Corvallis ko Pullman, inda Oregon State da Washington State suke, da zai tashi ba tare da dalilin damuwa da wasan ba. Oregon State ta ci wasa goma a 2022, Washington State ta ci goma sha ɗaya a 2018, ba gazawa a fili ce ta jefar da su ba, ƙanƙantar garuruwansu ce. Sun je kotu sun karɓe ragamar Pac-12 da dukiyarsa, sun gayyato Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State da Texas State da Gonzaga daga 2026. Sai dai ka lura, biyar daga cikin waɗannan daga wani rukuni mai suna Mountain West aka kwaso su. Kashin dankali ne har ƙasa, wanda aka danne shi ma ya danne na ƙasa da shi.

Wataƙila ka tuna Afrilun 2021, lokacin da manyan ƙungiyoyin Turai goma sha biyu suka ce za su ware su yi gasarsu, magoya baya suka fito titi a Ingila, shirin ya rushe cikin 'yan kwanaki. A Amurka hakan bai yiwu ba saboda dalili biyu. Babu wata hukuma a sama irin UEFA da za ta yi barazanar kora. Sannan ƙaurar ɗaya bayan ɗaya ake yin ta, magoya bayan jami'ar da aka gayyata suna murna an ɗaga darajarsu, masu kukan kuwa waɗanda aka bari ne, ba su da ƙuri'a a teburin.

Akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba, su ne ɗaliban sauran wasannin. 'Yan ƙwallo wasan waje biyar ko shida suke yi a shekara, a ƙarshen mako, a jirgin shata. Yarinyar da ke buga ƙwallon raga ko ƙwallon ƙafa ta mata a UCLA kuwa za ta tashi daga Los Angeles zuwa New Jersey, kusan kilomita 3,900, awa biyar zuwa shida a sama, ga bambancin agogo na awa uku, sau da yawa a tsakiyar mako, ta dawo ta tarar da jarrabawa. Ba don wasanta aka yi ƙaurar ba, ba kuma a tambaye ta ba. Chip Kelly, lokacin yana kocin ƙwallon UCLA a 2023, ya fito fili ya ce a ware ƙwallo ita kaɗai ta yi tsarinta na ƙasa baki ɗaya, a bar sauran wasannin a yankunansu. Ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Notre Dame ma shaida ce cewa hakan na yiwuwa, ƙwallonta na zaman kanta, yawancin sauran wasanninta na ACC. Da an bi wannan hanya, ko ba komai hamayyar ƙwallon kwando da kokawa da sauransu za ta tsira, ɗalibai kuma su koma tafiyar mota.

Matsin kuɗin ƙaruwa yake yi. Tun Yulin 2021 ɗan wasa na da damar karɓar kuɗin talla da sunansa. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da ake kira House, wanda ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, ya kuma ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Biyan nan haƙƙinsu ne, sun daɗe ana cin guminsu. Amma jami'ar da ke samun miliyan 60 daga rukuninta za ta biya cikin sauƙi, mai samun miliyan 10 ko ƙasa da haka sai ta zaɓi wasan da za ta rufe. Gasar fitar da zakaran ƙasa ma, wadda ta tashi daga jami'a huɗu zuwa goma sha biyu a 2024, a sabon cinikinta na kusan dala biliyan 1.3 a shekara SEC da Big Ten ne ke kwashe fiye da rabi.

Idan kana son sanin lokacin da za a sake motsi, ka riƙe shekarun ƙarewar kwantiragi. Na Big Ten zai ƙare a 2030, na Big 12 a 2031, na SEC a 2034. ACC ya ɗaure mambobinsa har 2036, abin da ya sa Florida State da Clemson suka maka shi a kotu, bayan Florida State ta ci dukkan wasanninta goma sha uku a 2023 amma aka hana ta gurbi a gasar zakaru. A sulhun Maris 2025 an amince kuɗin fita ya riƙa raguwa duk shekara har ya sauko dala miliyan 75 a wajajen 2030, daidai lokacin da Big Ten zai koma kasuwa. Abu guda da tarihi ya nuna yana iya riƙe wa da ƙani tare shi ne hannun gwamnatin jiha. A shekarun 1990 manyan 'yan siyasar Texas ne suka tsaya sai da aka tafi da Baylor da Texas Tech cikin Big 12. A 2003 gwamnan Virginia, Mark Warner, ya matsa wa jami'ar Virginia lamba har aka shigar da Virginia Tech cikin ACC. Hukumar jami'o'in Kalifoniya ta kasa hana UCLA tafiya, sai ta ɗora mata biyan Cal dala miliyan 10 a shekara na wani lokaci. A 2024 kuma hukumar jami'o'in jihar North Carolina ta kafa ƙa'idar cewa babu jami'arta da za ta sauya rukuni sai da amincewarta. Jami'ar North Carolina na cikin waɗanda ake ganin SEC da Big Ten duka za su so, NC State kuwa, wadda ke tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga gare ta, ita ce ta 'ya'yan manoma. Can zan sa ido idan 2030 ta ƙarato.